Lira Ɗaya

A hawa na sha tara, taga tana kallon mashigin Istanbul,
jiragen fito na kai da komo kamar ƙoshiyar masaƙi.
Ni ne ƙaramin akanta, kujerata tana bakin ƙofa.
Ni na jera lambobin da manya za su yi faɗa a kansu.

Shafi na arba'in da biyu:
fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango,
dukiyar da ba ta shiga mudu, ba ta hawa sikeli.
A gabanta na rubuta lira biliyan uku,
hannuna bai ko yi rawa ba.

Nevzat Bey ya tura tabarau kan goshi.
"Shekara goma," in ji shi.
"A raba abin da aka kashe gida goma,
kowace shekara ta ɗauki kayanta.
Labari ba tumatir ba ne da zai ruɓe kafin la'asar."

Şermin Hanım, mai riƙon kuɗin fanshon malaman makaranta,
ba ta ɗaga murya ba.
Kwamfutarta kawai ta juyo mana:
wani jan layi ya tashi sama kamar hayaƙi,
a wata na uku ya faɗo warwas.
"Ga masu kallonku nan.
Kwana casa'in, kasuwa ta watse, sai rumfuna.
Kuna so mu yi wa rogo kallon kitse.
Tsofaffin da suka ba ni amana
ba sa cin ribar da aka zana da alƙalami."

Wata murya daga Frankfurt tana ta yankewa a waya,
rabin maganarta ya nutse a teku,
abin da ya iso mana: "…wa ya ƙiyasta… da wane ma'auni…"
Tuncay, mai agogon da ya fi albashina,
shi dai tambayarsa guda:
ranar Litinin hannun jari zai hau ko zai sauka?

Shayi ya huce a kofuna masu siririn ƙugu.
Aka ce takwas. Aka ce huɗu.
Aka buga tebur har cokula suka amsa.

Ni kuwa idona na can ƙasan shafin,
inda babu wanda ya duba.
Wani tsohon shiri ne, shekararsa ashirin da biyu,
labarin masunci da ƙanensa kurma.
Lissafi ya cinye shi tuntuni,
aka bar masa lira ɗaya don kada sunansa ya ɓace.
Lira ɗaya. Ko ashana ba ta saye.

Shi mahaifiyata ke kallo a Üsküdar kowane dare,
tun shekarar da muka binne babana.
A kashi na sha huɗu kwale-kwale yana kifewa,
masunci ya fito da kifi a cikin hula.
A nan babana yakan yi dariya har ya sarƙe.
Takan tsayar da hoton daidai wurin,
ta ɗan juya ga kujerar da ba kowa,
sannan ta bari ya ci gaba.
Saboda wannan kaɗai nake biyan kuɗin wata-wata,
kuɗin da ke shiga shafi na bakwai
ba tare da ya faɗi wanda ya jawo shi ba.

Na buɗe baki. Na rufe.
Wane gurbi zan sa wannan?

Suka daidaita a kan shekara shida,
ba wanda ya ji daɗi, kowa ya sa hannu.
Şermin Hanım ta ce za ta dawo da lauya.

Da magariba na hau jirgin fito,
takardun a hammata, iska na neman ƙwace su.
Tun daga matakala na jiyo kiɗan farkon shirin.
Na tsaya a ƙofa da makulli a hannu,
ina jira kwale-kwalen ya kife.