Ranar da Ƙarfe Bai Iso Ba

Sikeli aka aiko ni in gyara a Dawanau,
babban nan mai auna mota da riɗin da ke kanta.
Na buɗe cikinsa ranar Talata,
sai ga ƙarfe ɗaya ya cinye,
wai sabo sai jibi zai iso daga Ikko.

Zuwana Kano na tara ke nan.
Abin da na sani nata bai wuce cunkoson Kurna ba,
da ɗakin otal mai fanka mai tari,
da rasit.

Tasi'u mai adaidaita ya dube ni ta madubi:
"Injiniya, tagumi ba ya kawo ƙarfe.
Hau mu je."

Ruwa ya ɗauke da hantsi, kwalta na ta huci.
A Ƙofar Mata wani dattijo, Malam Ɗantani,
yana zaune bakin karofi kamar mai jiran kifi.
Ya tsamo ƙyalle, na gan shi kore shar,
ya ɗaga shi sama, iska ta lashe shi,
ya koma shuɗi a gabana.
Na ce, minti nawa ake bari a ciki?
Ya ce, "Hannu ne ke sani."
Na tsoma yatsa don in gwada,
ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Kurmi ta haɗiye mu lungu bayan lungu,
warin jima, ƙamshin kanumfari,
mai kura yana ihun a ba shi hanya.
Na tsaya sayen takalmin fata na Hajjo,
mai rumfa ya ce, lamba nawa take sawa?
Ni da ke faɗin nauyin tirela da ido
na tsaya ina auna iska da tafin hannu,
ban san ƙafar 'yata ba.

Yunwa ta kai mu Jakara.
Yahanasu ta ciro gurasa daga tanderu,
ta yayyafa ruwa, ta barbaɗa ƙuli,
ta zuba mai, albasa, yaji ba tausayi.
Bandashe, in ji Tasi'u, ba a cin sa da girman kai.
Na naɗe hannun riga, na zauna kan benci,
hawaye na zuba, ina neman ƙari.
Ta ce, "Baƙo ne?"
Na ce, sau tara ina zuwa.
Ta ce, "To, yau ka zo."

Dala muka hau da nauyin ciki.
Na fara ƙirga matakala,
a tamanin na bar wa gwiwa lissafin.
Can sama, gari ya shimfiɗu har inda ido ya gaji,
kwano mai tsatsa, kwano sabo,
tattabaru suna kewaya wani soro,
Goron Dutse yana kallonmu daga nesa.
Sai la'asar ta yi.
Ladan ɗaya ya fara daga gabas,
wani ya karɓa, wani ya makara,
har kiran ya zagaye dutsen kamar ruwa.
Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na bar ta.

Da dare, balangu a takarda,
fura mai sanyi da Tasi'u ya rantse ba irinta,
ya kuma ƙi bari in biya.

Alhamis ƙarfe ya iso.
Na ɗaura, na gwada, sikeli ya faɗi gaskiya.

Yanzu ga ni a ofis da takardar kashe kuɗi:
masauki, mota, abinci, sauransu.
Yahanasu ba ta ba da rasit.
Takalmin Hajjo ya yi mata yawa,
ta ce a ajiye, za ta girma.
Akanta yana jira, biro na hannuna,
ina kallon shunin da ya maƙale a farcena,
wanda sabulu uku suka kasa fitarwa.