Wasiƙa a Aljihun Mota

Ni ne Labbo, bakanike a bakin tashar Jega,
shekara ashirin da uku baƙin mai bai bar farcena ba.
Ni na duba motar Nomau ranar Laraba,
ni na ce masa: tafi, ƙafarta ƙalau.

Ranar Juma'a, da albasar Aliero buhu goma sha takwas a bayanta,
ya murɗa sitiyari dama, taya ta ce hagu.
Ya ce kamar ka riƙe akala
ka waiga ka ga ba raƙumi.
Suka gangara gonar wani, albasa ta koma inda ta fito.
Yaron mota, Arzika, ya bar haƙora huɗu a can,
ya taso da ƙafar da har yau take jan ƙasa.

Gari ya yanke hukunci kafin la'asar.
A teburin mai shayi aka ce barci ne.
'Yan kamasho suka ce lodi ya yi yawa.
Saura suka ce Labbo ne, hannunsa ya tsufa,
ya bar noti a kwance.
Matar Nomau ba ta ce komai ba,
ta dai daina aiko mini da fura.
Nakan kwana ina ƙirga notin a kaina:
na ɗaure, na ɗaure,
na ɗaure kuwa?

Wata bakwai gawar motar na bayan rumfata,
kaji na saka ƙwai a kujerar direba.
Ranar da ɗan gwangwan ya zo saye
na ɓalle aljihun gaba in kwashe takardu,
sai ga ambulan maƙale a can ƙurya,
ta yi ja kamar tsohon goro, ba a ko buɗe ta ba.

Sahabi ɗan ƙanwata, mai karatu a jami'a,
ya bi layin da yatsa, yana juya mini a hankali:
Kamfani na ba da haƙuri.
Sandar da ke haɗa sitiyari da taya,
kanta ya fito da rauni tun daga maƙera,
yana iya ɓallewa ana cikin gudu.
A dawo da motar, za a canza kyauta.
Kada a jinkirta.

Na ce yaushe aka rubuta?
Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na ce wa aka rubuta wa?
Ya kira wani suna da harshena ya ƙi ɗauka,
a wani titi mai lamba, bayan teku.

A dawo da ita ina?
Ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano,
hannu biyar ta wuce kafin Nomau,
kowa ya shafa mata fenti ya ƙara kuɗi,
cutar na kwance a gwiwarta.
Wasiƙar ma tare suka yi tafiyar,
tana zaune kusa da kowane direba
bakinta a liƙe.

Na kai wa Nomau. Ya juya ta, ya sake juyawa.
Ya ce: to wagga takarda tana maida haƙori?
Na ce a'a.
Ya ce: zamna dai ka sha ruwa.
Bayan kwana uku furar ta dawo, ba bayani.

An wanke ni, amma barcin bai dawo ba.
Irin motar nan guda tara na sani tsakanin Jega da Koko.
Yanzu in ɗaya ta tsaya shan mai
sai in shige ƙarƙashinta ba wanda ya kira ni,
in kama sandar in girgiza, kunnena a jikin ƙarfe.
Direbobi na dariya,
wai likita ne ke bin marasa lafiya da gudu.

Ɗazu ta Maidamma ta amsa mini,
ƙwas, ƙwas,
ƙasa-ƙasa, kamar tarin jariri.
Ya ce sauri yake, kasuwar Yawuri ba ta jiran kowa.
Na zare makullin na sa a aljihu.

Har yanzu yana tsaye a kaina yana zagi,
ni kuwa ina neman sifana mai lamba sha tara.