Farin Watan Satumba

Shekara talatin da ɗaya ina goge gorori
a ɗakin kaya, ƙarƙashin filin nan na bakin Tafkin Erie.
Na san kowace gora da nauyinta,
na san wadda ke ƙara kamar an sare ice da asuba.
Ban taɓa ganin itace ya bebance irin na bana ba.

Farkon Agusta muna gaba da wasa bakwai.
Masu tallar gyaɗa har sun fara lissafin ribar Oktoba.
Yau saura ɗaya.
Ɗaya tal, siririya kamar zaren da ke riƙe da maɓallin rigata,
mutanen ƙetaren tafki kuwa suna hura mana numfashi a ƙeya.

Dubi allon can.
Sifili, sifili, sifili,
sun jeru kamar ƙwai a faranti, babu mai fasawa.
Zagaye ashirin da shida ba wanda ya dawo gida.

Almonte, wanda ya tsallakar da talatin bayan katanga,
yanzu iska yake duka,
jifa uku, ya juyo yana kallon takalmansa.
Jiya na iske shi ya kwantar da gorarsa a benci,
ya lulluɓe ta da tawul,
yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da harshen uwarsa.
Sobczak ya aske gemun da ya yi wata biyar yana kiwo.
Hutchins ya hana ni wanke safarsa,
kwana tara ke nan, har ɓeraye sun yi ƙaura.

An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.
Namu a tafin hannun abokin gaba yake faɗowa.

Mai horarwa, tsoho Lindqvist, ya kwana gaban bidiyo,
ya ce kafaɗa ce, ya ce ƙafa ce,
ya ce a daina tunani,
kamar ana iya ce wa harshe kar ya taɓa haƙorin da ke ciwo.
Ni dai na san ba itacen ba ne.
Ina ganin hannuwansu in sun miƙo mini gora:
sun matse ta har gumi ya shiga jikinta.
Wanda ya ji tsoron faɗuwa, ƙafarsa ta riga ta sani.

Matata Lorraine ta daina kunna rediyo a kicin.
In na dawo ƙarfe ɗaya na dare
sai ta dubi fuskata, ta turo mini miya, shi ke nan.

To, daren nan, zagaye na takwas,
mutum biyu sun fita, Hutchins na tsaye a zango na biyu,
sanyi na tasowa daga ruwa, rabin kujeru sun koma wayam.
Aka turo yaron nan Tolliver, da aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiya ran Talata,
ko sunansa ba a buga a gora ba tukuna,
ta aro na ba shi, wata tsohuwa daga bayan kwandon.
Ya kai duka. Gorar ta tsage biyu.
Ƙwallon ta tashi kamar kazar da aka kora,
ba nisa, ba kyau,
ta faɗi a ciyawa tsakanin mutum uku masu kallon juna.

Hutchins ya zo gida da ciki, ƙasa har cikin bakinsa.
Allo ya rubuta ɗaya.
Na ji ihu ya sauko ta siminti har cikin gwiwoyina.

Ba mu ci wasan ba. Uku da ɗaya aka tashi.
Amma na tsinto ɓarin gorar guda biyu,
na sa a aljihun tebur, kusa da maganin hawan jinina.
Gobe da rana akwai wasa.
Na wanke safar Hutchins. Bai sani ba tukuna.