Gurbin da Akawu Ya Bari

Takardar sallamar Baba ta ce bai taɓa ƙetare iyaka ba.
Gurbin aikin ƙasar waje,
akawu ya ja masa zare ɗaya da biro ya wuce,
wataƙila shayinsa ke hucewa.

To wa ya yi damina biyu a dajin Saliyo,
takalmi na ruɓewa a ƙafarsa?
Wa ya dawo Rafin Daɗi da kunnen hagu a toshe,
har yau sai ka zagaya dama ka gaishe shi?

Lambobin yabo biyu na cikin gwangwanin madara,
naɗe da tsohon kallabin Inna.
Ofis ya ce ƙarfe ba ya magana, a kawo shaida.

Muka nemo Kofur Nalado a Ƙofar Marusa,
bakin buhunan gawayinsa.
Ya dangwala yatsa, ya ce,
"Ni Barmo ya goya har mota."

Wata bakwai. Ran Talata wasiƙa ta iso.
Na karanta masa. Shiru.
Ya sa na maimaita ta kunnen dama,
sannan ya ce, "Ɗauko min gwangwanin nan."