Sayen Rana a Maraɗi

Tun da Alhaji Barmu ya ɗora bene gabas da ɗakina,
tagata ta koma rami kawai a bango.
Rana na can tana gasa unguwar Zariya,
tana tausasa kwalta a hanyar Ɗan Isa,
ni ko cikin cokali ba ta shigo mini.

Na'ana'ar da na ɗebo a garkar Baba a Jiratawa,
gwangwani bakwai, na madara da na tumatir,
ta yi dogon wuya kamar mai leƙen katanga.
Ganye ya koɗe, kara ya sirance.
Ɗoɗɗoya ma ta sunkuya, ta janye ƙamshinta.

Ran Asabar na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa.
Ma'azu mai kayan kuran ya ji buƙatata,
ya aje kofin shayi, ya dube ni sama da ƙasa:
“Malama Cima, a Maraɗi za ki sayi rana?
Abar da muke biyan kuɗi mu ɓuya mata?”
Ƴan rumfar kusa suka kwashe da dariya.
Na bari suka gama.

Sai ya jera mini uku bisa benci.

Na fari ampul mai ruwan ɗorawa, dala ɗari.
Ya kunna, na kai bayan hannuna,
ban ƙirga goma ba na janye.
“Wannan na ƴan tsaki ne,” in ji shi,
“ɗumi yake sayarwa, hasken gyara ne.”

Na biyu ɗan Sin, ƙwayoyi ja da shuɗi a jere.
Ya kunna, haƙoransa suka yi shunayya.
“Ja da shuɗi ganye ke ci,
koren maido shi yake, shi ya sa kike ganinsa.”
Na yarda da karatun.
Amma na hango Inna Sa'ade mai gida
tana wucewa da buta kafin kiran salla,
wannan launi na malalowa ta ƙasan ƙofata.
Kafin hantsi labari ya kai Bagalam.
Kuma a irin wannan rini
ta ina zan bambanta ganye mai ciwo da mai lafiya?

Na uku farar sanda, kamu ɗaya,
jikinta sanyi kamar gindin randa,
kuran ɗin da take sha bai kai na fanka ba.
Jika shida. Na taya huɗu.
Ya rantse, na juya, ya kira ni.
Biyar, da waya, da ƙugiya biyu.

“Taƙi biyu tsakaninta da ganye.
In ya miƙo wuya, sauko da ita.
In bakinsa ya ƙone, ɗaga.
Ki kunna da asuba, ki kashe bayan isha'i,
shuka ma tana da nata barcin.”

Kwana na uku aka ɗauke kuran tun hantsi.
Na dawo aiki na tarar da mu takwas cikin duhu.
Albashi na shigowa na ƙara batir.
Ban faɗa wa kowa nawa ba.

Sati biyar.
Karan ya yi kauri, ganye ya haɗa kai,
sai na buɗe ƙofa ƙamshi ya riga ni sallama.

Jiya na kai wa Baba dami ɗan ƙarami.
Yana bakin rijiya, laka har gwiwa.
Ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsu,
ya kai hanci, ya daɗe bai ce komai ba.
“Ƙamshin ya yi,” in ji shi,
“sai dai wannan ba ta san wahala ba.”
Ya cusa sauran a aljihun taguwa,
ya ce wa yaro ya hura gawayi.