Taku Na Huɗu

Akayauna suna cikin buhun gero,
can ƙasa, inda hannun Inna ba ya kaiwa sai damina ta yi nisa.
Ni na binne su.
Ƙarfe bai iya riƙon asiri ba,
ko zani ya goge shi sai ya yi magana.

Mu tara ne a ƙungiyar rawa ta makarantarmu.
Mun ciyo kofi bara,
muka dawo Sakkwato cikin bas muna ihu har muryoyinmu suka dushe,
shugaba ta saya mana kilishi da lemo mai sanyi.
Hoton yana nan a ofishinta.
Shi ne na tsakiya, mai farar hula,
hannunsa a kafaɗar Luba.
Duk wanda ya kalla cewa yake: ji yadda yake ji da yaran nan.

Haka yake ƙirga mana:
ɗaya, biyu, uku, tsaya.
In an tashi sai ya ce, wance, ki jira,
takunki na huɗu bai zauna ba.
Ɗakin ajiye ganguna ba shi da taga.
Warin fata, da turarensa, da fanka wadda ba ta juyawa.
Iyakar abin da zan faɗa ke nan.
Sauran na faɗa wa Malama Ige sau ɗaya,
ina kallon maɗaurin takalminta har na gama.

Ashe mu huɗu ne,
kowace tana zaton ƙafarta ce ke da laifi.

An sallame shi wata Laraba.
Kawu ya zo da dare, ya ce a bar maganar nan,
garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.
Inna ba ta ɗago daga tankaɗen da take ba.
Ta ce, "Ɗiyata ba kaza ta ba."
Washegari ita ta raka ni muka sa hannu a takarda.

Amma jiki ba ya karanta takarda.
Ina tsallaka titi a Ƙofar Atiku,
taku uku, sai na ƙame,
ɗan kabu-kabu yana zagina, ni kuwa ina jiran a ce in wuce.
Hassu ta koma dariya mai ƙarfi, ko ba a ce komai ba.
Luba ta daina magana sai da ka.
Kulu dai an mai da ita Wurno wajen kakarta,
ta aiko mini da saƙo sau biyu, duka biyun: kin ci abinci?

Sai wata la'asar cikin bazara,
irin zafin da ke narkar da kwalta, babu wuta kwana uku,
muna layin famfo a Rijiyar Ɗorowa.
Luba na zaune kan jarkarta, wofi,
yatsunta suka fara da kansu.
Ba kiɗansa ba ne. Wani ne, gurgu-gurgu, mai tuntuɓe.
Hassu ta yi shiru.
Na ji diddigena ya ɗaga cikin silifa.

Ɗaya. Biyu.
Uku.
Maƙogwarona ya bushe, na ji warin fata.
Luba ta buɗe baki, karo na farko tun sallar layya,
ta ce, "Huɗu."

Na sauke ƙafa.
Ƙasa ce kawai, da laka, da murfin kwalba.
Babu ƙofar da ta rufe.
Wata tsohuwa ta ce, ku yara, layi ya matsa.

Ban ce na warke ba.
Jiya ma na farka cikin dare ina ƙirge.
Amma da safe na zura hannu cikin gero har kafaɗa,
na taɓo ƙarfen. Yana da ɗumi.
Ban fito da shi ba tukuna.
Inna tana tsakar gida, ta ji ƙararsa sarai,
ta ci gaba da shara.