Ɗori a Maiwurno

Riƙe shi, Alfadil. Danne kafaɗar.
Kai kuma yaro, ciji tsumman nan,
ihu ba ya haɗa ƙashi.

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan zama
a kan buzun da ubana ya bari.
Da can jaki ke aiko min da mutane,
ko raƙumi, ko reshen mangwaro a bakin kogi:
karaya mai ladabi, gida biyu,
in shafa, in ja, in ɗaure da karan dawa, a tafi.
Yanzu babur ke aike,
shi kuwa bai san gida biyu ba,
ƙafa yake kawo min kamar buhun gawayi.

Muzammil, na san ranar sunanka,
ni na riƙe ƙafar ragon.
Sha shida kake, gemu ko sallama bai yi ba.
Kuɗin riɗin bana, wanda uwarka ta sunkuya a kai
har bayanta ya manta miƙewa,
su ka kai Sinnar, ka dawo bisa jan ƙarfe.
Kwana tara. Ledar sirdi ma ba ka ɓare ba.

Wa ya koya maka? Wai Siddiƙ,
da yamma ɗaya, a filin ƙwallo.
Ya nuna maka inda ake murɗawa,
bai nuna maka inda ake dainawa ba.

An ce bari shekaru su cika,
ka je ofishin 'yan sandan hanya,
su ga hannunka, su ba ka takarda.
Ka ce lasin na matsorata ne,
takarda ba ta tuƙi.
Gaskiyarka, ba ta tuƙi.
Amma layin safiya guda da ka raina,
ga shi za ka bi shi a kwance, wata uku,
kana ƙirga azarar ɗaki.

Ja, Alfadil. Kar ka dubi fuskarsa, ja.
Ka ji? Ya shiga.

Hanyar Sinja shimfiɗe take kamar tabarmar baƙo,
tana ta raɗa wa yaro: ƙara, ƙara.
Iska ta cika riga, ido ya kawo ruwa,
allura ta haye tamanin,
kana jin kai ka ƙagi sauri.
Amalanke kuwa bai san da zamanka ba,
ya fito daga gonar ayaba da nasa lissafin,
jaki yana tunanin dusa.
Tsakanin gani da birki akwai wata 'yar tazara,
a nan ake auna likkafani.

Hular kwano fa?
Tana ɓata gashi.
Gashi!
Ina ɗora hannu, ina ɗora cinya,
haƙarƙari ma nakan lallaɓa,
amma ƙoƙon kai, ubana bai bar min karatunsa ba.
Watan jiya aka kawo ɗan Attayyib mai shayi,
ƙafafu lafiya lau, ko ƙwarzane babu.
Na ɗaga mayafin, na mayar.
Ran nan tuwona ya kwana a rufe.

Kai ka yi arziki, kuka kake.
Mai kuka shi ne nawa.

Gobe a kai shi asibiti a ɗauki hoto,
ba na kunyar faɗi, idona ya rage.
Jakin fa, ya tashi? To, madalla.
A nemi mai amalanken,
a ba shi haƙuri da kuɗin ayabarsa.

Babur ɗin a jingine shi a zaure
inda zai riƙa hango shi, kai a karkace,
su yi jinya tare.

In ka taka ƙasa, da yardar Allah,
kafin Nilu ya janye daga gonaki,
ka fara da tattaki zuwa masallaci.
Sannan layin ofishin nan, komai tsawonsa.
Sannan ka zo ka kai ni kasuwa.
Ni zan zauna a baya,
hannun nan da ya san ƙashinka ɗaya bayan ɗaya
yana kan kafaɗarka.